Maganin Sauro a Ɗakin Takaba

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta yi takabarta a gidan da suka daɗe suna haya a Bagama, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda. Tun ina firamare aiki ya taso da shi daga Zariya. Direba ne a wani ofis a Abuja, kuma kamar sauran ire-irensa, Abuja ta ci ƙarfinsa, Suleja ta ba shi wurin kwana. Da ya yi ritaya ma bai koma gida ba, ya ce ya saba da doyar nan da mutanen nan. A nan Allah Ya karɓi abinSa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" nake a bakinta, ranar da na yi abin kirki kuma in zama "yarinyar nan", duk da a lokacin ina da nawa 'ya'yan da suka iya yi mini musu. Gidana ba nisa, don haka kullum na dawo daga aiki a Abuja, wurinta nake fara sauka.

Ranar sadakar uku kowa ya fara ɗaure kayansa, Goggo kuwa ta kwance nata. Yayar Baba ce, a Tafa take zaune wurin ɗanta, ta kuma sanar da mu cewa ita za ta zauna da mai takaba har ta fita. Ba shawara ta nema ba, labari ta ba mu. Sana'ar Goggo haɗa turaren wuta da humra, kuma Allah Ya yi mata hanci. In ta shinshina mayafinki za ta gaya miki gidan bikin da kika je, da ko uwar amarya ta yi rowa.

Da wannan hancin ta bi gidan ɗaki-ɗaki. Ta kwashe kwalaben turare, ta ɗauke kasko, ta ɗauke kwalli da lalle. Sabulun wanka ta ce yana da ƙamshi, ta maye shi da sabulun salo. Man shafawa ya koma ɗanyen man kaɗe. Har ɗan abin ƙamshin da na rataya a banɗaki sai da ta tsinko ta miƙo mini da yatsu biyu kamar ta kamo ɓera. Ita kanta ta daina saka turare, wai kada ya tsallaka ya taɓa Amarya. Haka take kiran Inna, Amarya, tun ranar da aka kawo ta gidansu har furfura ta cika mata kai.

"Ɗigo ɗaya ya taɓa ta," in ji Goggo, "takaba ta lalace, sai a sake daga farko."

Ni ban taɓa jin wannan a Islamiyya ba, amma Inna ta ji, ta kuma riƙe. Abin da ya rage mata da za ta yi wa mijinta ke nan, tana so ta yi shi babu tabo.

Matsalar ita ce barci ya ƙaurace mata. Da safe in na biyo sai in tarar da ita zaune a kan sallaya, ido ya faɗa, carbi a hannu ba ta ma jansa. Abinci sai ta tsakura ta ture. Dama tana da hawan jini, sai ya samu wurin hawa. Likita ya ba ta ƙwayar barci, ta sha sau ɗaya ta makara sallar asuba, ta ce ita da ƙwayar nan har abada. Da muka koma, likitan ya duba awon ya girgiza kai, ya ce in ba ta fara barci ba gado zai ba ta. Inna ta jira muka fito, ta ce da ni a hankali, "Ba zan ƙarasa takabar Malam a gadon asibiti ba." Na san halinta. In ta yi magana a hankali, ta gama magana.

A ofis akwai wata Bayarabiya da teburinta ke kusa da nawa, mace mai son mutane da son sanin abin da ke damunsu. Ta ga ina gyangyaɗi a kan takardu, ta ce, "Anti, wannan ido naki ba lafiya o. Mama ce, abi?" Na ba ta labari. Washegari ta zo mini da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, tsawonta bai wuce babban yatsa ba. Ta ce sunansa man jiraniyam, daga ganyen wani tsiro ake tatso shi. Ba a sha, ba a shafa shi tsura a fata. Ɗigo kaɗan ake yi a ruwan zafi, tururin ya gauraye ɗaki, mutum ya shaƙa. Ta ce yana kwantar da hankali, yana sassauta ƙunci, da shi tata uwar take samun barci tun da aka yi mata rasuwa. Har na juya ta ƙara da cewa, "Kuma sauro no dey like am, sam-sam ba ya so."

A mota na buɗe na shinshina. Ƙamshin fure ne, amma da wani ɗanyen ganye a ƙarƙashinsa, kamar an murza ganyen lemun tsami a tafin hannu. Yana da sanyi, ba ya hawa kai irin na humra. Na ji daɗinsa, na kuma ji gabana ya faɗi, don ko mai mura ya shaƙi wannan ya san ƙamshi ne, balle Goggo. Muna tsaye a cunkoson Zuba, kwandasta na faɗa da wani fasinja, maganar ƙarshe ta Bayarabiyar nan ta dawo mini. Kafin mu kai Madalla na gama shirya abin da zan faɗa. Ba ƙarya zan yi ba. Gaskiyar ce zan raba biyu, in ba Goggo rabin da zai wuce mata a maƙogwaro.

Na bari sai ranar Asabar bayan la'asar, Goggo ta zagaya. Kasko ba zai yiwu ba, da ganinsa an san turare ne. Na samo tsohon gwangwanin madara, na tsiyaya ruwan zafi daga filas, na ɗiga man, na tura ƙarƙashin gadon Inna. Na zauna na ɗauki tsintsiya ina gyara mata ɗauri, kamar tun safe aikin da nake yi ke nan.

Goggo ta ɗaga labule ta tsaya cak. Na ga ƙofofin hancinta suna buɗewa suna rufewa.

"Wa ya shigo da fure ɗakin nan?"

"Maganin sauro ne, Goggo. Na Turawa."

"Sauron Turawa ne a Bagama?"

"Na kwatar bayan nan ne, Goggo, ya gagari na fesawa. Kuma na fesawan yana sa Inna tari."

Ta durƙusa ta jawo gwangwanin, ta kara fuska a tururin. Ta ce in kawo kwalbar. Ta juya ta, ta duba rubutun da ba ta iya karantawa, ta shinshina murfin, ta lumshe ido tana nema a cikin kanta. A nan na saki kibiyar da na taho da ita tun daga Zuba.

"Goggo, akwai turaren da ba ki sani ba a duniyar nan? In turare ne, ki faɗi sunansa, yanzu in zubar."

Ta sake kai murfin hanci. Ba sandal ba ne, ba miski ba, ba hawi ba, ba farce ba. Ina kallonta tana bin su ɗaya bayan ɗaya a ranta. Abu biyu ne a gabanta: ko ta yarda magani ne, ko ta yarda akwai turaren da ya wuce saninta, a gaban Amarya da 'yar Amarya. Ta miƙo mini kwalbar.

"Ba turare ba ne," ta ce. "Da turare ne da na san shi. Amma Turawan nan ba su da ta ido, maganin sauro ma sai sun yi masa kwalliya."

Inna ta ɗago ta dube ni ta ƙasan hijabi, kallo ɗaya, irin wanda take yi mini ina yarinya in na ce ba ni na taɓa naman miya ba. Sannan ta mayar da idonta kan carbi.

Da na biyo da safe, Goggo ce ta tare ni da ƙorafi a baranda. Wai Amarya ta yi barci kamar wadda ta yini a gona, sai da ta taɓa ƙafarta kafin ta tashi asuba. Ina shiga Inna ta ce, "Ke, mai ƙosan bakin titi tana nan kuwa?" Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na daɗe ban yi farin ciki irin na ranar ba, har mai ƙosan ta tambaye ni ko haihuwa aka yi.

Ba zan rantse cewa man ne kaɗai ya yi aikin ba. Tana shan maganin hawan jininta, ana yi mata addu'a, kwanaki kuma suna tafiya. Ni dai abin da na gani shi ne, in tururin nan ya tashi, kafaɗunta sukan sauka, numfashinta ya yi tsawo, ta daina murza yatsu. Awon da ake mata a kemis ɗin unguwa ya fara sauka. Ta fara yi wa jikokinta faɗa, wanda a wurin Inna alamar lafiya ce. Sauron ma, tsakani da Allah, ya ragu. Goggo da kanta take tuna mini in na manta: "Ke, ba ki sa wa sauron nan abinsa ba."

Da an bar mu mu uku, da haka za mu lallaɓa har a fita. Amma gidan takaba ba ya rabuwa da masu gaisuwa. Wata ranar Lahadi matar mai gidan hayar ta shigo, mace mai yawan shiga Abuja da yawan son a san tana shiga. Ko zama ba ta gama yi ba ta ja numfashi ta ce, "Kai, Hajiya, wannan turaren ɗakin naku akwai daɗi! Ai irinsa ake sawa a wurin gyaran jikin amare, can cikin Abuja. A ina kuka samo?"

Na yi tari, na yi mata ido, na tambaye ta lafiyar yara. Ina! Ta ci gaba da bayani, har da yadda ake kwantar da amarya a shafe ta da shi. Goggo ba ta dube ta ba, ni take kallo. Baƙuwar na fita ta miƙe.

"Amare," ta ce. "Ƙanena ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, an mayar masa da ɗakin mata wurin gyaran amare."

Na buɗe baki zan kare kaina, sai na ji wani ɗan sauti a bayana. Inna ce take kuka, mara ƙarfi, tana cewa, "Shi ke nan, na ɓata wa Malam." Duk wayon da nake ji da shi ya zube. Na ji haushin matar mai gida, na ji haushin Goggo, amma kukan nan ya fi komai ci mini rai.

Na ce a kira malamin da ke koyar da su Inna a Islamiyya. Na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya saurare mu da haƙuri, ni da Goggo muna katse juna. Ya ce da farko dai takaba ba ta karyewa a ce a sake ta daga farko, Hajiya ta kwantar da hankalinta. Abin da aka hana mai takaba ado ne, da saka turare a jiki ko a tufafi. Magani kuwa lalura ce, babu laifi.

"To wannan wanne ne a ciki, Malam?" in ji Goggo.

"Allah Shi ne masani, Hajiya. Ni ban shinshina ba."

Na ɗauka na yi nasara. Goggo ma ta ɗauka ta yi. Ta ce tunda Malam bai shinshina ba, ita za ta shinshina, kuma sai ta gwada ta tabbatar kafin ya sake shiga ɗakin Amarya. Ta karɓe kwalbar, ta ƙulle a bakin zaninta. Gwangwanin kuwa ta wanke shi da toka ta kife a baranda.

Gwajin Goggo ba ya ƙarewa. In na tambaya ta ce, "Ana kan yi." In na matsa ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yi tunanin in nemo wata kwalbar in sa a ɓoye, amma wa zai ɓoye wa hancin nan ƙamshi? Inna kuwa ta koma gidan jiya. Ido ya sake faɗawa, kwano yana dawowa yadda ya je. Likita ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai bar ta ta koma gida, in muka dawo a haka mu taho da kayan kwana. Ranar na shigo da zafina, na ce wa Goggo in wani abu ya samu Inna ita ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da bakin da na ɗura wa ruwan zafi ranar suna kike gaya mini haka?" Na ba ta haƙuri, amma ban janye ba a raina.

Abu ɗaya na lura da shi a kwanakin, ban dai ba shi muhimmanci ba. Kullum da hantsi Goggo takan ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin Baba, ta turo ƙofa. Ɗakin da ba mai kwana a ciki, ban san me ake sharewa haka ba.

Ranar Juma'a na dawo da wuri. Ana zafi, ba wuta, fanka ta tsaya. Maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Inna na zaune a bakin gado, Goggo a kan katifarta a ƙasa tana tsinke zogale, ni ina ta lallashin Inna ta sha ko cokali biyu na kunu.

Tas!

Muka ɗago. Inna ce ta mari damtsenta. Ta duba tafin hannunta, ta goge a zani. Can kuma, tas, a wuya. Da rana tsaka, taga da raga, ga hijabi har ƙasa, sauron da zai ciji Inna a wurin nan sai ya zo da almakashi. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ko da wasa ba, ga ta tana yi, kuma ba ta iya ba ko kaɗan. Na cusa bakin mayafina a baki don kada dariya ta tona mu. Da na ga abin na yi ne, ni ma na kai wa ƙafata duka.

"Yaya," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa yadda mai takaba ke magana, "sauron nan ya dame ni."

"Ni ban ji sauro ba," in ji Goggo, ba ta ɗago daga zogalenta ba.

"Ai ba za ki ji ba, Yaya. Na ji ɗakin Malam babu sauro kwana biyun nan." Ta gyara hijabinta. "In an gama da shi a can, ko za a sam mini?"

Hannun Goggo ya tsaya a cikin tire. Ashe ba ita kaɗai Allah Ya ba hanci a gidan ba. Na dubi Inna, fuskarta kamar ba ita ta yi maganar ba. Na dubi Goggo, na ga kunya ta rufe ta, abin da ban taɓa zaton zan gani da idona ba.

Ta daɗe kafin ta kwance bakin zaninta. Ta ajiye kwalbar a kan tabarma. Na ɗauka na ɗaga ta saitin taga. Na bar ta fiye da rabi, yanzu ɗan abin da ya rage a gindi ne.

"Goggo," na ce, "gwajin nan ya ci mai."

Na zaci za ta zage ni, har na shirya. Ba ta ko dube ni ba. Inna take kallo.

"Amarya," ta ce, "ke wata huɗu da kwana goma aka ba ki. Ana zuwa ana gaishe ki, ana kawo miki abinci, in kin yi kuka a ce ki yi haƙuri. Ni da na goya shi, na tauna na ba shi a baki, na kai shi makarantar allo yana ihu yana cizona, kwana uku aka ba ni. Rana ta huɗu aka ce Goggo tashi, ki kula da mai takaba." Ta nuna kwalbar. "In na shiga ɗakinsa na ɗiga abin nan a auduga, shi ne nake samu in yi kukana in ɗan runtsa. Ba turare ba ne. Na gwada."

Duk zamana da Goggo, ban taɓa tambayar ko ita tana barci ba. Babu wanda ya tambaya.

Inna ta matsa can ƙarshen gado, ta daddaɓa wurin da ta bari. Goggo ta share fuska da bakin ɗankwali, ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta zauna kusa da ita. Suka jingina da juna kafaɗa da kafaɗa. Sannan Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yarinyar nan, kawo ruwan zafi."

Na ɗauko gwangwanin daga baranda, na tsiyaya ruwa. Goggo ce ta ɗiga man da hannunta, ta ce ni ina cikawa, ba a yi wa abu mai ƙarfi haka. Ba ta tura shi ƙarƙashin gado ba, a tsakar ɗaki ta ajiye.

Inna ba ta kwanta a asibiti ba, a ɗakinta ta fita takaba. Amma ni ranar Juma'ar nan na fi tunawa. Na ja musu labule na fito baranda da tiren zogalen Goggo. Ba a jima ba wasu mata biyu suka yi sallama, sun zo gaisuwa daga Gawu. Na tare su a bakin ƙofa, na shimfiɗa musu tabarma a waje, na ce su yi haƙuri su ɗan jira.

"Mai takabar barci take?" in ji ɗaya.

Na ce, "Su biyun duka."